Addini a Hannun Sarki: Sharhi a Kan Hoton Rasha da Kiristancin Otodoks a Wasan Third Rome

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan Third Rome, wani ƙari da aka yi wa wasan kwamfuta mai suna Europa Universalis IV, wanda ya keɓanta da tarihin Rasha da Kiristancin Otodoks. An auna dokokin wasan da abin da tarihi ya tabbatar ta fuskoki uku: ma'anar Rum ta Uku, matsayin coci a gaban sarauta, da halin da Musulmin Bolga da Saiberiya suka shiga. Nazarin ya gano cewa ƙarin ya dace a wajen sunaye da shekaru, amma ya mayar da addini kayan aikin mai mulki kawai, ya kuma mayar da mabiya wasu addinai matsalar lissafi da ake jira a share.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ne ya fitar da Europa Universalis IV a shekarar 2013. Wasa ne na dabarun mulki, inda mai wasa yake zaɓar daula guda daga taswirar duniya, ya riƙe ragamarta daga shekarar 1444 zuwa 1821, yana tara haraji, yana ƙulla ƙawance, yana yaƙi, yana yaɗa addinin fadarsa. Taswirar ta game duniya, har da Kano da Katsina da Zazzau da Barno. Ranar da ake fara wasan, 11 ga Nuwamba 1444, ita ce washegarin yaƙin Barna, inda Sarkin Usmaniyya Murad na Biyu ya karya rundunar Kiristocin Turai. A watan Yunin 2017 kamfanin ya fitar da ƙarin Third Rome, wato Rum ta Uku, domin faɗaɗa abin da ya shafi Rasha da cocinta.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kawo wasa cikin mujallar nazarin addini. Amsar ita ce, matasa da dama a duniya a nan suke fara jin sunan Kazan da Nobgorod, a nan suke fara cin karo da mazhabobin Kirista da na Musulmi. Littafi yana faɗin ra'ayinsa da jimloli, mai karatu ya yarda ko ya ƙi. Wasa kuwa da dokoki yake faɗin nasa: abin da ya saka wa lada shi ne daidai, abin da ya hukunta shi ne kuskure, kuma mai wasa yakan maimaita wannan darasi sau ɗaruruwa ba tare da ya lura ana koya masa wani abu ba. Malamai irin su Biruni da Shaharastani sun bar wa Musulmi al'adar siffanta addinin wasu kamar yadda masu shi suka fahimce shi kafin a yanke masa hukunci. Da wannan ma'auni za a duba ƙarin.

2.0 Abin da Ƙarin ya Ƙunsa

A ɓangaren mulki, ƙarin ya ba daulolin Rasha tsarin sarauta nasu, tun daga masarautun 'ya'yan sarki da jamhuriyar Nobgorod mai majalisar jama'a, har zuwa daular Tsar, laƙabin da asalinsa Ƙaisar ne. A sigarsa ta farko mai mulki yana da maɓallai uku. Na farko gyaran Sudebnik, wanda ke rage cin gashin kan larduna. Na biyu goyon bayan Ofirishnina, wanda ke dakushe shirin 'yan tawaye. Na uku tara dakarun bindiga da ake kira Istirelsi. Akwai kuma dabarar buɗe Saiberiya, wadda ke ba Rasha damar mamaye filayen gabas da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A ɓangaren addini, akwai ma'aunin ikon Fatiriyak, wato shugaban limaman cocin, wanda ke tashi daga sifili zuwa ɗari. Idan ya hau, tarzoma takan ragu a lardunan Otodoks, masu shiga soja su ƙaru, masu wa'azin juya mutane su ƙara ƙarfi. Mai wasa yana iya naɗa babban bishop a yankin da ya bunƙasa domin ya ƙara wannan iko. Yana kuma iya kashe wani kaso na ikon ya sa a zana ɗaya daga cikin hotunan ibada guda biyar, kowanne da amfaninsa na ɗan lokaci. Hoton Mala'ika Mika'ilu yana ƙara horon soja. Hoton Maryam da ake kira Eliyusa yana kwantar da tarzoma. Hoton Almasihu yana rage tsadar gine-gine da raya ƙasa. Hoton Nikolas yana sanyaya fushin maƙwabta idan an ci ƙasa da yaƙi. Hoton Yuhana mai littafin Tsani yana gaggauta karɓar sababbin ci gaba.

Adalci ya wajabta a ce masu ƙirar sun yi karatu. Sudebnik kundin shari'a ne na gaske, wanda Iban na Uku ya kafa a 1497, Iban na Huɗu ya sabunta a 1550. Majalisar Nobgorod ta wanzu har 1478, lokacin da Mosko ta haɗiye birnin ta tafi da ƙararrawar da ake kiran taro da ita. Hotuna biyar ɗin duk sanannu ne a cocin gabas. Matsalar tana cikin yadda aka ɗaure waɗannan abubuwa da juna.

3.0 Rum ta Uku: Gargaɗin da ya Koma Lasisi

Rasha ta karɓi Kiristanci daga Ƙusɗanɗiniyya a shekarar 988, zamanin Sarki Biladimir na Kiyeb, kuma cocinta ya zauna ƙarni da dama a ƙarƙashin Fatiriyak na can. A 1439, a taron Fulorens, Rumawan gabas suka amince da haɗewa da Paparoma domin neman taimako a kan Usmaniyawa. Babban bishop na Rasha, Isidor, wani Bagirke, yana cikin waɗanda suka sa hannu. Da ya koma Mosko a 1441 sai Sarki Basili na Biyu ya tsare shi, kuma a 1448 limaman Rasha suka zaɓi Yona da kansu ba tare da izinin Ƙusɗanɗiniyya ba. Da Muhammadu Alfatih ya ci birnin a 1453, malaman cocin Rasha suka fassara abin a matsayin uƙubar Ubangiji a kan waɗanda suka sayar da aƙidarsu.

A cikin wannan yanayi ne wani rahibi na gidan ibadar Elizarob kusa da Fiskob, mai suna Filofei, ya rubuta wasiƙa a wajajen 1523 zuwa 1524 zuwa ga wani babban jami'in sarki. Maƙasudinta shi ne raddi ga masu duba taurari da kuma aƙidun cocin yamma. A tsakiyarta ne ya kawo ra'ayin cewa Rum ta farko ta faɗi, ta biyu ta bi ta, Mosko ce ta uku, kuma babu wata bayanta. Wata wasiƙar da ake jingina masa, zuwa ga Basili na Uku, jan kunne ce a kan kujerun limamai da aka bari babu kowa da kuma lalacewar ɗabi'u. Ma'anar a fili take: idan Mosko ce mafakar ƙarshe, to zamewarta ita ce ƙarshen duniya, don haka nauyin da ke wuyan sarki ya fi gatansa yawa. Magana ce ta tsoron tashin alƙiyama, irin wadda mai wa'azi kan faɗa wa mai mulki.

Tarihin siyasa ma ya goyi bayan wannan fahimta. Ko da yake Iban na Uku ya auri Sofiya, 'yar ɗan'uwan sarkin Rum na ƙarshe, a 1472, Mosko ba ta ɗaura ɗamarar ƙwato Ƙusɗanɗiniyya ba. Jakadun Paparoma sun sha kwaɗaita mata gadon Rum domin ta shiga yaƙi da Usmaniyawa, ita kuwa ta fi son ciniki da su, har ta aika jakada fadar Bayazid na Biyu. Kalmar Rum ta Uku ta shiga takardar kafa kujerar Fatiriyak ta Mosko a 1589, daga baya kuma waɗanda suka fi riƙe ta su ne 'yan tsohuwar aƙida da hukuma ke farauta. Masanin tarihi Marshall Poe ya nuna cewa ɗaukar ta a matsayin shirin mamaye duniya aikin marubutan ƙarni na 19 ne da na zamanin yaƙin cacar baka.

Wannan fassara ta baya-bayan nan ita ƙarin ya ɗauka. Wasan gaba ɗayansa a kan faɗaɗa ƙasa aka gina shi, don haka duk abin da ya shigo cikinsa dole ya zama man da ke tura wannan mota. Mai wasa zai tashi da tunanin cewa rahibin Fiskob ya ba sarakunan Mosko takardar izinin cin ƙasashe, alhali hannunka mai sanda ya yi musu.

4.0 Coci a Matsayin Rumbun Sarki

Hotunan ibada a wurin mabiya Otodoks al'amari ne na aƙida, wanda aka zubar da jini a kansa. Daular Rum ta gabas ta shafe fiye da ƙarni guda, daga wajajen 726 zuwa 843, tana rikici tsakanin masu farfasa hotuna da masu girmama su. Babban mai kāre su shi ne Yuhana na Dimashƙa, wanda danginsa suka yi wa Banu Umayya aikin hukuma. Taron Nikiya na biyu a 787 ya yanke cewa girmamawa ce ake yi wa hoton, bauta kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Musulunci bai yarda da wannan rarrabewa ba, kuma matsayinsa a kan surori a wurin ibada sananne ne. Amma ɗalibin nazarin addinai yana buƙatar ya san cewa mai tsayawa gaban hoton yana ganin kansa ne a gaban wata taga zuwa ga abin da ya yi imani da shi. A wasan, hoton ya koma laya da sarki ke saye idan zai fita yaƙi, ya sauya ta da wata idan zai yi gini.

Ana iya kāre masu ƙirar da cewa sarakunan Mosko sun nemi nasara da hotuna. A 1395, da rundunar Taimur ta doso, an ɗauko hoton Maryam daga birnin Biladimir zuwa Mosko, kuma da Taimur ya juya aka danganta abin ga hoton. Sai dai waɗanda suka yi hakan sun yi shi ne cikin kuka da azumi, ba su da tabbacin sakamako. Mai wasa kuwa ya san adadin da zai samu tun kafin ya danna. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa kiran addini yana ƙara wa daula ƙarfi a kan ƙarfin asabiyya, amma ya ɗora hakan a kan cewa zukata sun haɗu a kan abin da suka gaskata. Wasan ya ɗauki ƙarfin ya ajiye gaskatawar.

Babban abin da ma'aunin ikon Fatiriyak ya ɓoye shi ne cewa cocin yana da bakin da kan saɓa wa sarki. Misali mafi ƙarfi yana tattare da ɗaya daga cikin maɓallan nan uku. Ofirishnina, daga 1565 zuwa 1572, tsari ne da Iban na Huɗu ya raba ƙasa biyu da shi, ya saki dakaru masu baƙaƙen kaya a kan manyan gidaje da talakawa. A 1570 sun yi wa mutanen Nobgorod kisan gilla. Babban bishop na Mosko, Filib, ya ƙi sa wa sarki albarka a bainar jama'a saboda wannan zalunci. Aka tuɓe shi a 1568, aka shaƙe shi a ɗakin da yake tsare a 1569, daga baya cocin ya sanya shi cikin waliyyansa. A wasan ana iya danna Ofirishnina da hannun dama, a tara ikon coci da hannun hagu, babu abin da zai yi karo. Tsarin ma bai kāre ƙasar ba, domin a 1571 Daulat Girai, Khan na Kirimiya, ya ƙone Mosko.

Haka nan saɓanin cikin gida. A farkon ƙarni na 16 an yi jayayya tsakanin mabiya Yusuf na Bolokolamsk, masu ganin gidajen ibada su mallaki filaye domin hidimar jama'a, da mabiya Nil na Sora, masu kiran zuhudu. A tsakiyar ƙarni na 17 gyare-gyaren Fatiriyak Nikon a littattafan addu'a da yadda ake alamar gicciye suka tsaga cocin gida biyu. An ƙone limami Abbakum da ransa a 1682, dubban mutane kuma suka zaɓi ƙone kansu a kan su bi sabon tsari. Irin waɗannan al'amura, idan sun bayyana a wasan, sukan zo ne a matsayin saƙo mai zaɓi biyu ko uku, kowanne da ribarsa da hasararsa a lissafi.

Akwai sarki guda da ya kalli coci kamar yadda wasan ke kallonsa. Da Fatiriyak Adriyan ya mutu a 1700, Bitrus Mai Girma ya ƙi bari a naɗa wani, kuma a 1721 ya soke kujerar, ya maye gurbinta da majalisar limamai wadda jami'in gwamnati ke sa wa ido. Ba a maido da kujerar ba sai 1917. Ƙarin ya ɗauki sunansa daga Filofei, amma idon Bitrus ya ara wa mai wasa tun daga 1444.

5.0 Musulmin Bolga da Saiberiya

Musulunci ya riga Kiristanci zama addinin hukuma a ƙasar da ake kira Rasha a yau. A 922 tawagar Halifa Muƙtadir, wadda Ahmad ibn Fadlan yake cikinta, ta isa ga sarkin Bulgar a bakin kogin Bolga. A zamanin Uzbek Khan, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341 kuma Ibn Baɗuɗa ya ziyarci fadarsa, daular Tatar da ke karɓar haraji daga sarakunan Rasha ta zama ta Musulunci. A ƙarƙashinta cocin Otodoks ya ci gaba da cin moriyar yafewar haraji, ya tara dukiya da filaye. Wani ɓangare na ƙarfin da wasan ke aunawa a inuwar sarakunan Musulmi ya girma.

Iban na Huɗu ya ci Kazan a 1552, inda malamin birnin, Ƙul Sharif, ya faɗi tare da almajiransa, sannan ya ci Astarakhan a 1556. Cocin nan mai ƙubbobi kala-kala da ke dandalin Mosko domin tunawa da wannan nasara aka gina shi. A 1582 Yermak ya shiga babban birnin Kuchum Khan na Sibir, kuma zuwa 1639 Rashawa sun isa gaɓar tekun Fasifik, suna karɓar harajin fatu daga ƙabilun da suka tarar, sau da yawa ta hanyar garkuwa da shugabanninsu. Dabarar buɗe Saiberiya a wasan ta mayar da mafi yawan wannan tafiya shiga fili marar mai shi.

A lissafin wasan akwai abin da ake kira haɗin kan addini. Duk lardin da ba ya bin addinin fada yana rage shi, raguwarsa kuma tana jawo tarzoma. Magani mafi sauƙi shi ne a tura mai wa'azi, a jira watanni, launin lardin ya sauya. Tarihi ya gwada wannan magani. Tsakanin 1740 da 1764 an kafa ofishi na musamman domin sababbin shiga Kiristanci a yankin Bolga, aka yi amfani da kyauta da yafe haraji da tilas, kuma a farkon shekarun 1740 an rushe masallatai 418 daga cikin 536 na yankin Kazan. Mafi yawan Tatar ba su bar addininsu ba, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa baftisma sun yi ta neman komawa Musulunci a ƙarnin da ya biyo baya. Tawayen da aka sha fama da shi ya sa Sarauniya Katarina ta Biyu ta sauya hanya: ta ba da dokar sassauci a 1773, sannan a 1788 ta kafa majalisar malaman Musulunci ta Orenburg ƙarƙashin mufti, wadda ta zauna a Ufa. Daga wannan al'umma ne aka sami malamai irin su Abdunnasir Ƙursawi da Shihabuddin Marjani.

Akwai kuma masarautar Ƙasim, wadda ta rayu daga tsakiyar ƙarni na 15 zuwa 1681 a cikin ƙasar Mosko, sarakunanta Tatar suna yi wa Tsar yaƙi. Gaskiya ne wasan yana da hanyar haƙuri da wasu addinai ga wanda ya zaɓe ta, har ma ya ba daulolin Musulmi rukunin ahlul zimma. Amma Third Rome bai zo wa Rasha da makamancin wannan ba, kuma kayan da ya ƙara mata sun fi karkata ga juya mutane. Sakamakon shi ne Rashar da mai wasa kan gina ta fi ta tarihi zama launi ɗaya, alhali har yau Musulmi miliyoyi ne a Tatarstan da Bashkortostan da Kaukasus.

6.0 Kammalawa

Third Rome ya yi nasara a matsayin ƙofa. Wanda ya buga shi zai san Nobgorod da Kazan, zai ji sunan Sudebnik, kuma mai yiwuwa sha'awa ta kai shi ga littafi. Ya kuma kama wata gaskiya guda, cewa a Mosko sarauta da coci sun jingina da juna. Inda ya gaza shi ne ya ba da labarin daga kan karaga kaɗai. Rahibin da ya yi gargaɗi, bishop ɗin da ya ƙi sa albarka, limamin da aka ƙone, da Batataren da ya riƙe sallarsa bayan an rushe masallacinsa, duk ba su da gurbi a lissafin, alhali su ne tarihin addini a Rasha.

Kada ɗalibi Musulmi ya ɗauka abin ya tsaya a kan Kirista. A watan Nuwamban shekarar 2017 kamfanin ya fitar da wani ƙarin mai suna Cradle of Civilization, inda aka ɗora taƙawa a kan ma'auni mai sufanci a gefe guda da bin zahirin shari'a a ɗaya gefen, aka kuma ba Malikiyya da Hanafiyya da sauran mazhabobi kowace ribarta ta mulki. Wanda ya ga kuskuren raba Shari'a da Tasawwufi haka, ya tuna malaman da suka haɗa su biyun tun daga Gazali har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kamata ya gane cewa irin wannan yankan aka yi wa cocin Rasha. Maƙalar tana ba malaman kwatanta addinai shawarar su shigo da irin waɗannan wasanni cikin aji, su sa ɗalibi ya ɗauki doka guda, kamar maɓallin Ofirishnina, ya ajiye ta kusa da labarin Filib, ya rubuta abin da dokar ta faɗa da abin da ta yi shiru a kansa.